Tabarau mai sikirin a ciki: abin da ido ke gani in ka saka shi

Kusan duk wanda ya ga tabarau ɗin nan a fuskata tambayarsa ɗaya ce, wai irin wanda ake shiga wata duniya ne? A'a, ba shi ba ne. Sikirin ne kawai, irin na tibi ko na kwamfuta, aka ƙanƙantar da shi aka dasa cikin firam ɗin tabarau, ka jona shi da waya ko laftof ko na'urar gem da kebul guda ɗaya, abin da ke kan na'urar ya bayyana a gabanka kaman yana rataye a iska. Yawancinsu ba su da batir, ba su da manhajar kansu, ba sa ajiye fim ko guda ɗaya, in ka zare kebul sun koma baƙin gilashi. Ni a ganina duk wanda ya gane wannan tun farko zai ji daɗin abun, wanda kuma ya saya da tunanin zai ga dodanni suna yawo a falonsa to zai ajiye shi a durowa da wuri, kuma ba laifin tabarau ɗin ba ne, laifin masu talla ne da suke haɗa komai a kwando ɗaya su kira shi XR, wato sunan da ake wa duk na'urorin fuska irin waɗannan a dunƙule.

Don kuwa abubuwa uku ne daban-daban ake cakuɗawa. Akwai irin su Meta Quest 3 da Apple Vision Pro, waɗannan kwamfuta ce guda a kan fuska, suna rufe maka ido ruf, Quest 3 nauyinsa giram 515 ne, Vision Pro kuma ya haura giram 600. Akwai irin Ray-Ban Meta da ya fito a 2023, shi kyamara ce da sifika a jikin tabarau, babu sikirin ɗin kallon fim a cikinsa. Sai kuma waɗanda nake magana a kai, na kamfanoni irin su Xreal da Viture da Rokid da RayNeo, har Lenovo ma sun yi nasu, nauyin yawancinsu yana yawo tsakanin giram 70 da 'yan kai zuwa 80 da 'yan kai. Wannan bambancin nauyin shi ne dalilin da yasa nake iya kallon fim har ƙarshe da shi ba tare da wuyana ya ƙage ba.

Tunanin ma ba sabo ba ne. Sony sun fitar da Glasstron tun 1996, suka sake dawowa da HMZ-T1 a 2011, shi ma dai don kallon fim ne a fuska, amma yana da nauyi ga wani akwati daban da ake jona shi da shi. Abin da ya sauya yanzu abu biyu ne, ƙananan sikirin na micro-OLED, irin waɗanda kowane ɗigon hoto ke ba da haskensa da kansa, sun yi kyau sosai, sannan bakin caji na USB-C ya iya ɗaukar hoto da sauti da wuta duk a kebul ɗaya. Da kamfanin Nreal ya fitar da Air a 2022, kafin ya sauya suna zuwa Xreal a 2023, daga nan ne mutane da yawa suka fara ɗaukar abun da gaske.

In ka juya tabarau ɗin ka duba ta ciki za ka ga saman firam ɗin yana da kauri, a nan ne sikirin guda biyu suke, ɗaya na kowane ido, kowanne bai kai inci ɗaya ba, kuma ba idonka suke kallo ba, ƙasa suke kallo. Hasken yana sauka kan wani gilashi da aka karkatar, ya tura shi gaba zuwa wani lanƙwasasshen madubi, madubin ya ƙara masa girma ya dawo da shi cikin idonka. Mafi yawan hasken a hanya yake ɓacewa, shi yasa dole gilashin gaba ya zama mai duhu, shi yasa kuma tabarau ɗin yake ɗan turo gaba daga fuska, duk wanda ya matso kusa zai san ba na rana ba ne. Wannan tsarin yana da wani ɗan hali da ba a faɗa a talla, gilashin nan da aka karkatar yana ɗauko abin da ke ƙasa ma, in ka saka farar riga a wuri mai haske sai ka ga inuwar ƙirjinka tana shawagi a cikin hoton, musamman in fim ya shiga wurin duhu. Da ka rufa da wani abu mai duhu ko ka rage fitila sai ta ɓace.

To mu zo kan maganar inci, don nan ne aka fi ruɗa mutane. Za ka ga an rubuta sikirin mai inci 130, wasu ma su ce 200 ko fiye, mutum ya fara hango silima a ɗakinsa. Lissafin ba ƙarya ba ne amma rabin zance ne. Xreal Air na farko faɗin ganinsa digiri 46 ne daga kusurwa zuwa kusurwa, kuma e, tibi mai inci 130 in ka tsaya nisan mita 4 daga gare shi kusan digiri 46 ɗin zai cika a idonka. Amma fa monita mai inci 27 a nisan santimita 80, wato yadda mutum ke zama gaban tebur, shi ma digiri 46 ne cif. Duk ɗaya ne a wurin ido. Abin da ke sa ka ji girman shi ne abin da ke bayan hoton, in kana fuskantar bango kusa da kai sai ƙwaƙwalwa ta ce ai ƙaramin monita ne, in kana kallon wuri mai nisa ko ɗakin ya yi duhu gaba ɗaya sai ta yarda babban allo ne can nesa. Na sha gwada wannan, hoto ɗaya ne bai canja ba, amma da na juya daga bango zuwa doguwar baranda sai ya zama kaman ya ninka. Don haka in kana kwatanta biyu kar ka kula da inci, duba digiri. Waya mai inci 6 da rabi a nisan santimita 30 tana ba ka kusan digiri 30, tabarau yana ba ka 46 zuwa 50 da wani abu, Quest 3 kuma yana kai wa wajen 110 a kwance. Ka ga inda kowa ya tsaya.

Sai dai ƙarancin faɗin nan shi ne kuma sirrin kyan hoton. Kowane ido yana samun fiksel 1920 sau 1080, in ka matse su cikin digiri 46 kowane digiri yana samun fiksel kusan 48, alhali lafiyayyen ido iyakarsa wajen 60 ne, Quest 3 kuwa da yake ya baza nasa a fili mai faɗi wajen 25 yake samu. Shi yasa fim a cikin tabarau ɗin nan yake fitowa tas, ba ka ganin ɗigo-ɗigo, ga baƙin OLED baƙi ne na gaske tunda fiksel ɗin kashe kansa yake yi. Wallahi fim ɗin da aka ɗauka da daddare, mai yawan duhu da 'yan fitilu, ban taɓa ganinsa da kyau a waya kaman yadda na gan shi a nan ba. Abin da ke ɗan damuna da sababbin fitowa shi ne ana ta tseren faɗi, Xreal One digiri 50, One Pro 57, amma fiksel ɗin na nan a 1080, ka ga kenan a 57 kowane digiri ya sauko ƙasa da 40. Ga fim ba matsala, har ma ya fi armashi, amma ga mai karanta ƙananan rubutu ragi ne, kuma da wuya ka ji mai talla ya faɗa.

Yanzu babban abin da zai iya sa kuɗinka su tafi a banza tun kafin ka ga komai: bakin cajin na'urarka. Ba kowane USB-C ne ke fitar da hoto ba. Sai wanda yake da abin da ake kira DisplayPort Alt Mode, kuma da ido ba za ka bambance ba, ramin iri ɗaya ne sak. Wayoyi masu sauƙin kuɗi da yawa bakinsu caji da tura fayil kawai yake yi, ka jona tabarau ya yi shiru kaman ba a jona ba, babu wani saiti ko manhaja da za ta gyara wannan don a cikin ƙarfen wayar abun yake. Manyan Samsung na jerin S suna yi, har da DeX ɗinsu da ke mayar da waya kaman kwamfuta, fuskar wayar ta koma wurin jan kibiya da yatsa, amma yawancin 'yan jerin A ba sa yi. iPhone sai daga 15 da ta fito a 2023 ta koma USB-C, waɗanda suka gabace ta masu Lightning sai ka haɗa adafta kan adafta, daga Lightning zuwa HDMI, daga HDMI zuwa USB-C, ga wata wuta daban da za ka ba shi. PlayStation 5 da Xbox ta HDMI suke fitar da hoto, su ma sai da adafta mai wuta. Nintendo Switch tana da USB-C amma ba ta sakin hoto sai ta ji tana zaune a mazauninta, don haka ake sayar da wasu 'yan na'urori da ke kwaikwayon mazaunin. Laftof yawanci ba gardama in na kwanan nan ne. Ni dai shawarata, kafin ka kalli hoton tabarau ko ɗaya, je ka nemo cikakken sunan wayarka ka tabbatar tana fitar da hoto ta kebul, in da hali ka jona ta da monita mai USB-C ka gani da idonka, gani ya kori ji.

In ma ta yi, akwai maganar wuta. Tabarau ɗin daga batirin wayarka yake sha, kuma ya toshe bakin cajin guda ɗaya tilo da take da shi, to kana kallo caji na sauka ba damar jonawa. Maganinsa wani ɗan adafta ne mai baki biyu, ɗaya na tabarau ɗaya na caja, ni ina ganin bai kamata a ce sai an saya daban ba, abu ne da kowa zai buƙata tun makon farko. Wani abu kuma, in wayar ba ta da tsari irin na DeX, abin da ke fuskarta shi take kwafowa, sai ka ga siririn hoto a tsaye a tsakiya da baƙi hagu da dama, sai ka buɗe bidiyo ka kwantar da ita sannan ya cika, kuma sikirin ɗin wayar na nan a kunne yana cin nasa rabon, sai dai ka rage masa haske har ƙasa.

Inda abun ya fi shiga raina shi ne gem, musamman da na'urorin hannu irin su Steam Deck da ROG Ally da Legion Go, waɗannan kam kebul ɗaya ne an gama. Steam Deck na farko da Valve suka fitar a 2022 nauyinsa giram 669 ne, sikirin ɗinsa inci 7, kuma duk wanda ya daɗe yana buga gem a kansa ya san yadda ake ƙarewa, kai a sunkuye, kafaɗa a ɗage, gwiwar hannu ta yi tsami, kana ƙanƙance ido don karanta rubutun da aka tsara shi don babban tibi. Da tabarau sai duk wannan ya warware. Na kan kwanta rigingine, filo ɗaya a ƙarƙashin kai, na'urar ko fad ɗin yana kan cikina hannuwana a sake, hoton yana sama wajen silin daidai inda idona ya ga dama ya kalla, ba abin da nake ɗagawa ba abin da nake riƙewa a iska. Kebul ɗin yana bi ta bayan kunne ya sauka gefen wuya. In na ji ƙishi na leƙa ta ƙasan gilashin na ga kofi na ɗauka ba tare da na cire komai ba, don ƙasan a buɗe yake, kana ganin hannunka da maɓallan. Wannan kwanciyar ita ce ainihin abin da na saya, kuma ina tunanin masu ciwon wuya ko baya, ko wanda jinya ta kwantar ba ya iya zama, su ne za su fi kowa sanin darajarsa.

Amma ba kowane gem ne ya dace da shi ba. Masu labari, masu yawo a fili, na tseren mota, waɗanda ake bi a hankali, duk suna yin kyau matuƙa. Matsalar tana zuwa a gem ɗin da ya tara bayanai a kusurwa, taswira a can sama ta dama, yawan harsashi a can ƙasa, don a tibi kai kake ɗan juyawa ba ka ma sani ba, a nan kuwa in ka juya kai hoton ya bi ka, dole ƙwayar ido ce kaɗai za ta yi tafiyar, kuma gefen gilashin shi ne inda ya fi saurin dishi-dishi. Sannan ka tuna Steam Deck an gina shi ne don 1280 sau 800, in ka ce sai ya tura 1080 cikakke a manyan gem sai ya fara nishi, hoton ya riƙa tsinkewa, shi yasa da yawa muke barin gem ɗin a 720 mu kunna FSR, wani saiti da ke ƙara wa ƙaramin hoto girma da kaifi, ya ɗaga shi, kuma gaskiya a ido ba ya muni. Haka maganar 120 da ake rubutawa, wato hoton yana sabuntawa sau 120 a daƙiƙa, tabarau ɗin zai iya amma sai in na'urarka ta iya haifar da hotunan, a ƙananan gem za ka ji santsin, a manya kuwa lambar tana kan kwali ne kawai.

Maganar hoto ya bi kai ɗin nan tana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Na farko-farkon duk haka suke, sikirin ya manne da fuskarka, ka yi dariya ya girgiza, ka tauna abu ya yi rawa, ka yi atishawa ya tafi ya dawo. Wasu ba ya damunsu ko kaɗan, wasu kuwa cikin mintuna jiri ya kama su da tashin zuciya, don ido na cewa abu ɗaya, kunnen ciki da ke kula da daidaiton jiki na cewa wani. Gyaran shi ne abin da ake kira 3DoF, tabarau ya riƙa lura da juyin kanka sama da ƙasa, hagu da dama, da karkacewa, ya riƙe hoton a wuri ɗaya kaman an kafe shi a bango, in ka waiwaya ka bar shi a can. Da can sai ka sayi wata na'ura daban irin Beam ko ka saka manhaja a kwamfuta kafin ka samu wannan, amma daga ƙarshen 2024 da Xreal One ya fito da guntun X1 a cikin firam ɗin kansa, abun ya koma cikin tabarau, ko da me ka jona shi zai yi. A wurina wannan ya fi duk wani ƙarin inci amfani. Akwai kuma tsaka-tsaki, inda hoton ke bin ka amma a hankali, yana shanye ƙananan girgiza, shi na fi so in ina kwance.

A cikin abin hawa kuwa labarin juyawa yake. In ka kafe hoton a jirgin ƙasa ko mota, da an sha kwana sai ka ga sikirin ɗinka ya zame ya tafi gefe a hankali har ya fita ta taga, don na'urar da ke auna motsi ba ta san bambancin juyin kanka da juyin motar ba. A nan dole ka koma wanda ke bin kai. A jirgin sama da ya daidaita a sama ba a cika samun wannan ba sai in ya karkata. Kuma tafiya ita ce wuri na biyu da abun ke da rana, kujera matsattsiya, ba wurin buɗe laftof, na kusa da kai ba ya ganin abin da kake kallo. Sauti ne dai ba sirri, sifikun a hannuwan tabarau suke suna fesawa wajen kunne a buɗe, duk da wasu kamfanonin sun haɗa kai da kamfanonin sauti irin su Bose ko Harman don gyara shi, a wuri shiru na gefenka zai ji, a wuri mai hayaniya kai ba za ka ji ba, don haka iyafis dole ne.

Sai ido, kuma ina roƙon duk mai saka gilashin likita ya tsaya nan. Duk da sikirin ɗin yana dab da idonka, madubin yana jefa hoton ne kaman yana nisan 'yan mitoci, to idonka nesa yake kallo. Ma'ana in ba ka ganin nesa sai da gilashi, a nan ma ba za ka gani ba. Wanda kuma gilashin karatu kawai yake sakawa saboda shekaru, shi sau da yawa garau zai gani ba tare da komai ba. Ɗora shi a kan gilashinka ba ya daɗi, yana tura shi gaba ya yanke maka gefen hoto. Hanya biyu ce, ko dai ɗan ƙaramin firam da ke zuwa a kwalin ka kai a yanka maka gilashi daidai awon idonka ka maƙala ta ciki, ko ka nemi masu ɗan abin murzawa a sama, Viture suna da shi har zuwa -5.00, Rokid Max har -6.00, kowane ido da nasa. Amma abin murzawar nan rashin ganin nesa kaɗai yake gyarawa, in kana da astigmatizim, wato a takardar awon idonka akwai lamba a layin silinda, ba zai yi maka ba sai an yanka gilashi.

Bayan wannan akwai tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin idonka biyu. Matsakaicin mutum wajen milimita 63 ne, kuma a kan haka ake gina yawancinsu, in naka ya fi haka faɗi sosai ko matsewa sai ka ga gefe ɗaya ya yi hazo, ka gyara shi ɗayan ya ɓaci. Shi yasa mutum biyu za su sayi abu iri ɗaya, ɗaya ya rantse bai taɓa ganin hoto mai kyau haka ba, ɗayan ya rantse damfara ce, kuma duk gaskiya suke faɗa. Wasu sababbin sun fara zuwa da girma biyu saboda wannan. Hanci ma yana da nasa, nauyin duk a gaba yake, in karan hancinka bai da tudu sai tabarau ya riƙa zamewa ƙasan hoton ya yanke, sabtaitil ya ɓace. 'Yan robobin hanci da ke zuwa kala-kala a kwali ba ado ba ne, ni sai da na canja zuwa mafi tsawo na kuma karkatar da hannuwan tabarau ɗin mataki ɗaya sannan kusurwa huɗun suka fito min lokaci guda, kafin nan kullum sai na ɗaga haɓa.

Gajiyar ido kuwa, a jikina na ga ta fi ta waya sauƙi ta wani ɓangaren tunda ido ba ya matsewa ya kalli abu kusa, amma bushewa tana nan, mutum in ya nutsu a kallo ƙiftawa raguwa take. Nawa kuma yana ɗumi a saman gira ɓangare ɗaya in an daɗe, ba zafi mai ƙuna ba amma ka san yana nan, in gari da zafi har gumi yake tarawa a wurin. Na kan cire shi lokaci-lokaci na kalli nesa na ɗan lumshe ido, kuma ba na ƙure hasken in ɗakin da duhu don babu buƙata. Da rana a waje ne hasken ke gazawa, a nan ne murfin roba da ake maƙalawa a gaba ke aiki, ko irin na su Xreal Air 2 Pro da gilashin ke yin duhu da kansa in ka danna maɓalli. Kuma don Allah kar ganin cewa ana hango waje ta ciki ya ruɗi kowa ya ce zai yi tafiya a titi da shi, balle tuƙi, tsakiyar ganinka a rufe yake da hoto, abin da ya rage kuma duhu-duhu ne.

Akwai abu ɗaya da nake jin sa a raina game da shi wanda ba na fasaha ba ne. Kallon mutum ɗaya ne. Ba za ka ce wa na kusa da kai kalli nan ba, ba za ku yi dariya tare ba, kuma shi da ke zaune gefenka yana ganin mutum ne da baƙin gilashi ya ƙura wa bango ido yana murmushi, bai san ko kana jinsa ko ba ka ji ba. Don haka ni ban ɗauke shi magajin tibi ba sam, in akwai mutane a ɗaki ajiye shi nake yi. Lokacinsa shi ne in kowa ya yi barci ba ka son haske ya tashi wani, ko tibi ɗin yana hannun wasu, ko kana hanya, ko ɗakin ma ba shi da wurin ajiye babban allo.

Aiki da shi fa? Ana yi, na kan duba takardu ko na yi ɗan rubutu in ina wurin da ba na son a leƙa min, amma yini guda a ciki ban ga zan iya ba, 1080 ya yi kaɗan ga mai buɗe taga da yawa, ga gefen nan da ke hazo. Fim mai 3D kuwa abin mamaki ne a ciki tunda kowane ido da sikirin ɗinsa, in ka samu fayil ɗin da aka jera hoto biyu gefe da gefe ka kunna yanayin 3D zurfin yana fitowa tsaf ba tare da duhun nan na gilashin silima ba, samun fayilolin ne aiki.

In ka samu damar gwadawa kafin ka biya, kar ka yarda da bidiyon gwaji da mai sayarwa zai kunna maka, kifaye masu kala da furanni kowane sikirin yana fitar da su da kyau. Jona taka na'urar da kanka, buɗe shafi mai ƙananan rubutu da ya cika sikirin, ka karanta abin da ke kusurwa huɗun ba tare da ka motsa kai ko ka taɓa firam ɗin ba, sannan ka rufe ido ɗaya ka duba, ka rufe ɗayan ka sake dubawa, don sau da yawa ido ɗaya ne ke ganin hazo ɗayan yana rufa masa asiri, sai bayan awa guda ciwon kai ya sanar da kai. Ka bar shi a fuskarka ya kai ko minti 20 ka ji inda yake danna maka a hanci da bayan kunne. In kuma ta intanet za ka saya, ka karanta sharaɗin mayarwa tukuna, ka kuma ajiye kwalin da duk ledojinsa har sai ka kalli fim guda daga farko zuwa ƙarshe da shi.